Zaman Gini a kan Laka

Magina suna da wata magana da suke yi idan an gama ɗora katanga, sai su ce a bari gini ya zauna. Ba sa son a yi shafe da zarar an aza tubalin ƙarshe, domin sun san ginin zai ɗan sauka, abin da aka shafa a jikinsa kuma ya tsattsage. Kalmar ta dace da abin da ake nufi. Mutum in ya zauna a kan tabarma, nan take ya gama zama. In kuwa katifa ce mai laushi, sai ta ci gaba da lotsawa a ƙarƙashinsa bayan ya zauna. Abin da maganar magina ba ta faɗa ba shi ne tsawon lokacin da zaman zai ci. A kan jigawa, kafin a kai ga rufi gini ya riga ya gama saukar da zai yi. A kan laka mai ruwa kuwa, ana iya binne magini, a binne ɗansa, gini bai gama zama ba. Wannan jinkiri ne ya daɗe yana ɗaukar mini hankali, domin nauyin ginin bai ƙaru ba, ba wanda ya taɓa harsashinsa, amma ƙasa tana ta ja da baya a ƙarƙashinsa shekara da shekaru.

Hausa ba ta rasa sunayen jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Akwai taɓo, wanda ƙafa ke kafewa a ciki bayan an yi ruwa (a lura da ɓ ɗinsa, kada a haɗa shi da tabo na tsohon rauni). Akwai yumɓu, wanda masu ginin tukwane ke haƙowa. Akwai kuma laka, wadda ta fi su faɗin ma'ana, ita zan riƙe a nan. Masana ƙasa da girman ƙwaya suke fara tantance laka: duk ƙwayar da ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, sun sa ta a sahunta. Ido ba ya ganin irin wannan ƙwaya. Ba kuma dunƙulalliya ba ce kamar ta yashi, falle ce siririya mai riƙe ruwa a jikinta. Idan irin waɗannan fallaye suka yi ta kwanciya a gindin tafki ko a bakin teku na dubban shekaru, sukan taru sako-sako, ruwa ya cike duk kafofin da ke tsakaninsu. A laka mai taushi, rabin abin da ka ɗebo, ko fiye da rabi, ruwa ne. Kafofin kuwa, don tsabar ƙanƙanta, ruwan da zai ratsa yashi cikin ƴan daƙiƙu sai ya yi watanni kafin ya ratsa laka mai kauri ɗaya da shi.

Hanya mafi sauƙi da na sani ta gane abin da ke faruwa idan an ɗora nauyi a kan irin wannan ƙasa ita ce mutum ya tsaya wajen mai yin awara. Bayan ta tafasa ruwan waken suya, ta zuba ruwan tsami ya dunƙule, sai ta juye a ƙyalle ko buhu, ta ɗaure tam, ta aza dutse a kai. Dutsen nan nauyinsa ɗaya ne daga sa'ad da ta aza shi har sa'ad da za ta ɗauke. Amma ƙunshin raguwa yake ta yi. Da fari ruwa na tsiyaya, can ya koma ɗiga, ɗigar ma ta riƙa jinkiri. In ta yi gaggawa ta kwance, za ta tarar gefe ya yi tauri, tsakiya kuwa da sauran ruwa, wuƙa ba za ta yanka da kyau ba. Kuma duk mai wannan sana'a ta san babban ƙunshi ya fi ƙarami daɗewa kafin ya tsane, nesa ba kusa ba. Na sha tsayawa ina kallon wannan aiki, kuma ban ga wani abu na asali a littattafan injiniyoyi game da laka ba wanda ba ya cikin wannan ƙyalle.

Wanda ya fara mayar da al'amarin lissafi shi ne Karl Terzaghi, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a 1883 ya rasu a 1963. A Istanbul ya yi wannan aiki, birnin da kakanninmu ke kira Santambul, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana koyarwa a Kwalejin Robert, da kayan gwaji waɗanda ya harhaɗa da hannunsa. Ya fitar da bayaninsa a 1923, sa'an nan a 1925 ya buga littafi da Jamusanci, wanda daga gare shi ake ƙirga mafarin ilimin ƙasar gini na zamani. Hujjarsa gajeriya ce. Ruwa ba ya matsuwa, ƙwayoyin laka su kansu ba sa matsuwa; saboda haka lakar da ta cika da ruwa ba ta da hanyar raguwa sai in ruwan ya fita. To, a daidai lokacin da aka ɗora nauyi, ruwan bai sami damar fita ba tukuna, sai ya zama shi ne ke ɗauke da sabon nauyin dukansa. Ana iya ganin haka da ido: in an soka bututu cikin lakar, sai ruwa ya hau a cikinsa ya wuce inda yake tsayawa a da. Wannan matsi shi ke tura ruwan waje. Gwargwadon yadda yake fita, gwargwadon yadda nauyin ke barin ruwa yana komawa kan ƙwayoyi, su kuma suna ƙara kusantar juna, saman ƙasa yana sauka. Ranar da ƙwayoyi suka karɓe nauyin baki ɗaya, ruwan bututu ya koma inda yake, aikin ya ƙare.

Wannan aiki shi zan kira matsuwar laka, abin da ake gani a sama kuma in kira shi sauka. Na guji kalmar nutsewa da gangan. Abin da ya nutse, ruwa ko taɓo ne ya buɗe masa ya haɗiye shi. A nan kuwa ƙasa ba ta buɗe ba, kaurinta ne ya ragu, gini ya bi ta ƙasa kamar yadda dutsen mai awara ke bin ƙunshi. Akwai kuma wani sashe na zancen da aka cika mantawa: lakar da ta matsu ta fi yadda take a da ƙarfi. Ƙarfin ƙasa daga gugar ƙwayoyi da juna yake zuwa, ruwa ba shi da abin da zai riƙe gini da shi in ƙasa ta tashi zamewa. Ashe ke nan lokacin da gini ya fi zama cikin haɗarin kifewa shi ne ranar da aka gama ɗora nauyi, sa'ad da ruwa ke ɗauke da kaya. In ya tsallake wannan, kowace shekarar da ya sauka, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta ƙara tauri.

Batun lokaci shi ne inda lissafin ya saɓa wa abin da hankali ke fara bayarwa. Mutum zai zaci in shimfiɗar laka ta ninka kauri sau 2, lokacin matsuwarta ma zai ninka sau 2. Sau 4 yake ninkawa, domin ruwan da za a fitar ya ninku, tafiyar da zai yi kafin ya sami mafita ita ma ta ninku. In kauri ya ninka sau 3, lokaci ya ninka sau 9. In sau 10 ne, sau 100. Shimfiɗar da ke gamawa cikin shekara guda in kaurinta mita 1 ne, sai ta ci ƙarni cur in kaurin ya kai mita 10. Abin da ake aunawa a nan shi ne nisan tafiyar ruwa. Idan akwai yashi a saman lakar da kuma ƙarƙashinta, ruwa na da ƙofa biyu, tafiya ta ragu da rabi, lokaci ya koma rubu'i. In dutse ne a ƙasa, ƙofa ɗaya ce tak.

Da wannan doka ake hango gaba daga ɗakin gwaji. Akan haƙo laka daga zurfi ba tare da an dagula ta ba, a yanko fefe guda mai kaurin santimita 2, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, a sa shi cikin zoben ƙarfe tsakanin duwatsu biyu masu zuƙar ruwa. Sai a ɗora nauyi, a riƙa duba ma'auni ana rubuta saukarsa har awa 24, kashegari a ninka nauyin, a ci gaba haka kwana da kwanaki. A cikin wannan fefe, ruwan tsakiya santimita 1 kawai zai yi ya fita. A shimfiɗa mai kaurin mita 10 da ke da ƙofa biyu, tafiyarsa santimita 500 ce. To, 500 sau 500 ya ba da 250,000. Abin da fefen ya yi cikin awa ɗaya a kan teburi, ƙasar za ta yi shi cikin awa 250,000, wato shekara 28 da rabi. Duk lokacin da na sake yin wannan lissafi sai ya ba ni mamaki, mutum yana zaune da agogo a hannu yana kallon shekarun jikokinsa suna wucewa kafin azahar. Sai dai ƙasa ba ta bin takarda sau da ƙafa. Sau da yawa akwai siraran jijiyoyin yashi a cikin laka waɗanda ɗan fefen bai ɗauko ba, su kuwa suna janye ruwa ta gefe, aiki ya yi sauri fiye da yadda aka ƙiyasta. Shi ya sa injiniyoyi suka fi amincewa da lissafinsu na yawan sauka a kan lissafinsu na lokacinta.

Ginin da ya fi kowane shahara a wannan fage shi ne hasumiyar Pisa, a ƙasar Italiya. Kowa ya san ta da karkata, ni kuwa abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne hutun da aka yi ta yi wajen gina ta. An fara aikin a 1173. Hasumiyar ƙararrawa ce ta babbar majami'ar garin, ta dutse, tsayinta wajen mita 56, nauyinta wajen tan 14,500, harsashinta kuwa bai kai mita 20 a faɗi ba, kuma ba shi da zurfi. A ƙarƙashinsa akwai ƙasa mai laushi gauraye da yashi har wajen mita 10, daga nan sai lakar tsohon teku mai taushi ƙwarai. Wajen 1178, an ɗan haura hawa na uku, sai aiki ya tsaya, bai tashi ba sai 1272. Ya sāke tsayawa wajen 1278 a hawa na bakwai, ɗakin ƙararrawa na can ƙoli kuwa sai wajen 1370 aka kammala shi. Galibi akan danganta tsaikon da yaƙe-yaƙen da Pisa ta yi da maƙwabtanta. Masu binciken zamani, cikinsu har da John Burland, injiniyan Ingila da ya yi aikin ceton hasumiyar, sun auna ƙarfin lakar suka nuna cewa da an zarce da gini ba hutu, da ƙasa ta zame hasumiyar ta faɗi tun ba a kai ƙarshe ba. Shekara kusan ɗari da aka yi ba a aza ko dutse ɗaya ba ita ta ba ruwa damar fita, laka ta yi tauri, ta iya ɗaukar hawa na gaba. Maginan ba su san dalili ba, ba su kuma zaɓi jiran ba.

Amma sun ga karkatar, sun kuma yi ta kokawa da ita. Ƙasar ɓangaren kudu ta fi ta arewa laushi, can ginin ya rinjaya, sai suka riƙa ƙara tsawon duwatsu a gefen da ke sauka don su miƙe shi, har jikin hasumiyar ya ɗan lanƙwashe kamar ayaba. A ɗakin ƙararrawa, matakalar gefen kudu shida ce, ta arewa huɗu. Gaba ɗayanta hasumiyar ta sauka wajen mita 3, kuma ba wannan ne ya sa ta cikin haɗari ba. Bambancin saukar kudu da ta arewa shi ne matsalar. Zuwa 1990 karkatar ta kai digiri 5 da rabi, tana kuma ƙaruwa kowace shekara. A shekarar da ta gabata wata tsohuwar hasumiya ta rushe a garin Pavia ta kashe mutum huɗu, sai hukuma ta rufe ta Pisa. An fara da jibga tan 600 na dalma a gefen arewa a 1993. Maganin da ya yi aiki daga baya kuwa mai sauƙin faɗa ne: daga 1999 zuwa 2001 aka riƙa soka bututu a karkace ƙarƙashin gefen arewa ana zaro ƙasa kaɗan-kaɗan, ramukan suna rufewa da kansu, gefen da ya yi sama yana sauka. Ƙolin hasumiyar ya dawo da wajen santimita 45, aka sāke buɗe ta a Disamban 2001. Ba su ɗaga gefen da ya sauka ba, ɗaya gefen suka saukar ya bi shi.

Daga ƙarfin da laka ke samu in ta matsu wani abu ya biyo baya, wanda injiniyoyi ke kwatantawa da tuni. Laka ba ta mance nauyi mafi girma da ta taɓa ɗauka. In aka ɗauke nauyin, ɗan kumburin da za ta yi kaɗan ne, ba ta komawa yadda take, kamar dai awarar da aka ɗauke wa dutse. In aka sāke ɗora mata abin da bai kai na da ba, da ƙyar za ta motsa. Sai an haura tsohon nauyin take komawa sauka sosai. Lakar da ke ƙarƙashin birnin Landan irin wannan ce: ta taɓa kwanciya ƙarƙashin ƙasa mai kauri wadda zaizaya ta kwashe tun kafin a yi birnin, don haka take da tauri. Arthur Casagrande ne ya nuna, a 1936, yadda za a karanto wannan tsohon nauyi daga sakamakon gwajin zobe. Masu aikin hanya da tashoshin jiragen ruwa suna cin moriyar wannan hali. Sukan tara tulin ƙasa a filin da za a yi gini, mai nauyin ginin ko fiye, su bar shi watanni, laka ta yi saukarta, sa'an nan su kwashe su yi gini. Hutun Pisa ne ake yi da niyya.

Ba kullum ne gini ke kawo nauyin ba. Birnin Meksiko yana zaune a kan gindin tafki. Mutanen Aztek sun kafa birninsu a 1325 a kan tsibiri cikin tafkin Texcoco, Sifaniyawa suka ci shi a 1521, daga baya aka yi ta janye ruwan tafkin ana gini a inda ya bari. Lakar da ke wurin tana cikin mafi taushi a duniya, a wasu wurare nauyin ruwan da ke cikinta ya ninka nauyin ƙwayoyinta sau uku ko fiye. Tun daga ƙarni na 19 aka shiga haƙa rijiyoyi masu zurfi ana zuƙo ruwan sha daga yashin da ke ƙarƙashin lakar. Da matsin ruwa ya ragu a can ƙasa, sai ruwan lakar ya soma tsiyaya yana bin sa, nauyin da ruwa ke tallafe da shi ya koma kan ƙwayoyi. A wajen laka, wannan da ɗora gini duk ɗaya ne. Nabor Carrillo, injiniya ɗan ƙasar, shi ya nuna a ƙarshen shekarun 1940, da lissafin Terzaghi, cewa rijiyoyin ne ke saukar da birnin.

A cikin ƙarni na 20 tsakiyar birnin ta sauka wajen mita 9, kuma har yau akwai unguwannin da ke sauka fiye da santimita 30 a shekara. Babban magudanar ƙazanta da aka buɗe a 1900, wanda aka tsara ruwa ya gangara a cikinsa da kansa, ya rasa gangararsa, sai da aka kafa injinan tura ruwa. Akwai kuma abin da ya juya hankali: ginin da aka kafa a kan turaku masu zurfi har suka taki ƙasa mai tauri ba ya sauka tare da unguwarsa, sai ya zama kamar yana tsirowa daga ƙasa. Ginshiƙin tunawa da ƴancin kai da aka ƙaddamar a 1910 haka ya yi, har aka yi ta ƙara masa matakala a gindi domin titi ya sauka ya bar shi. Abin baƙin ciki a wannan labari shi ne ba ya juyuwa. Ko an daina zuƙar ruwa gobe, kafofin da suka rufe sun rufe, lakar kuma za ta ci gaba da tsanewa shekaru masu yawa saboda matsin da aka riga aka rage.

Lissafin Terzaghi ya ce in ruwa ya gama miƙa wa ƙwayoyi nauyi, sauka ta tsaya. A zahiri ba ta tsayawa cak. Fallayen laka suna ci gaba da gyara kwanciya, wannan ya zame kan wancan, ƙasa ta ci gaba da sauka a hankali ko da ba sauran matsi a ruwanta. Zan kira wannan saukar rarrafe. Keverling Buisman, injiniya ɗan Holan, ƙasar da rabinta laka ce da ruɓaɓɓen tsiro, ya bayyana ƙa'idarta a 1936: abin da ƙasa ta sauka daga shekara ta 1 zuwa ta 10, kusan shi za ta sāke sauka daga ta 10 zuwa ta 100. Tana raguwa ke nan, amma babu ranar da za a nuna a ce yau ta ƙare. Ta fi tsanani a ƙasar da ke da ruɓaɓɓun ganyaye da saiwoyi da shara a cikinta.

Inda aka shiga wannan al'amari ido buɗe, da kuɗi da ilimi, shi ne filin jirgin sama na Kansai a Japan. Tsibiri aka gina a mashigin tekun Osaka, wajen kilomita 5 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin wajen mita 18. An fara aiki a 1987, aka buɗe a Satumban 1994. Gindin tekun laka ce mai taushi wajen mita 20, a ƙarƙashinta kuma shimfiɗu na tsohuwar laka da yashi, hawa-hawa, har ɗaruruwan mita. Ta saman sun yi mata dabara, dabarar kuwa daga dokar nisan tafiya ta fito. Sun kafa ginshiƙan yashi wajen miliyan ɗaya a cikinta, tsakanin kowane da ɗan'uwansa mita 2 da rabi, ta yadda ruwan da zai yi tafiyar mita da yawa zuwa sama sai ya yi ƴar tafiya ta gefe ya faɗa yashi ya fice. Matsuwar da za ta ci shekaru da dama ta ƙare cikin kusan shekara guda. Tsohuwar lakar ta can ƙasa kuwa ta fi ƙarfin kayan aiki, ba a iya kai mata ginshiƙi ba, ita ce kuma ta sauka fiye da yadda aka fara ƙiyastawa. Kafin a buɗe filin, tsibirin ya riga ya sauka kusan mita 10. A shekarar buɗewa yana sauka wajen santimita 50 a shekara, yau ya koma ƙasa da 10, jimlar kuma ta haura mita 13. Babban ginin matafiya yana tsaye a kan ginshiƙai wajen 900, kowanne an yi shi yadda za a iya ɗaga shi da jak a cusa farantin ƙarfe a gindinsa, don ginin ya zauna daidai ko da ƙasa ta sauka a karkace. An kuma yi ta ƙara tsawon katangar teku, duk da haka guguwar Jebi ta watan Satumban 2018 ta tura ruwa ya malale hanyar tashin jirage. A ganina wannan gini ya fi Pisa koyar da mutum, domin masu shi sun yarda tun farko cewa zai yi ta motsi, suka sa gyara cikin tsarinsa.

A ƙasashenmu, in aka ce laka ta ɓata gini, yawanci wata lakar daban ake nufi, kuma ya kamata a raba su. A kwarin tafkin Chadi, daga gabashin Borno zuwa arewacin Kamaru da Chadi, akwai baƙar lakar da Barebari ke kira firgi, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Ita kumbura take yi da damina, ta tsuke da rani har ta dare, tsagar ta ci hannu. Motsinta hawa da sauka ne, yana bin shekara, kuma ƙananan gine-gine da tituna ya fi cuta, domin ba su da nauyin da za su danne ta. Matsuwa kuwa hanya ɗaya take bi, ƙasa, kuma gini mai nauyi ta fi kamawa. Tsagar katanga ma tana faɗar wadda ta haife ta: wadda ke buɗewa da rani ta rufe da damina ta kumburi ce, wadda kuwa ke ƙara faɗi ba komowa, da sauri a shekarun farko sa'an nan a hankali, ta matsuwa ce.

Inda matsuwa ke samunmu shi ne fadama da kududdufi. Tsofaffin biranenmu, Kano da Katsina da Damagaram da sauransu, daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina su, ramukan suka zama kududdufai, ruwa da baƙin taɓo suka yi ta taruwa a gindinsu zamani bayan zamani. Da fili ya yi tsada sai aka shiga cike su da shara da ɓaraguzai ana yankawa fuloti. Wanda ya saya yakan haƙa harsashi ya tarar da ƙasa busasshiya mai tauri, hankalinsa ya kwanta. A fadama ma haka ne, rana takan gasa saman laka ya yi ɓawo mai tauri na mita ɗaya ko biyu, alhali ƙarƙashinsa tana nan da ruwanta. Nauyin gini kuwa ba a ɓawo yake tsayawa ba, yana ratsawa ƙasa, kuma gwargwadon faɗin gini gwargwadon zurfin da yake kaiwa. Ɗaki ɗaya na tubali zai iya zama lafiya a inda bene mai hawa uku zai sauka. Mafi muni shi ne gidan da rabinsa ke kan tsohuwar gaɓar kududdufi, rabi a kan cikon: gefe ɗaya ya tsaya, ɗaya yana tafiya, sai tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ƙofofi su daina rufuwa, bututun ruwa ya karye a ƙarƙashin daɓe. Haka kuma gidan da ya shekara ashirin lafiya lau, in aka ɗora masa bene, an haura nauyin da lakar ta saba da shi, lissafi ya koma farko.

Tsofaffin unguwa sun san inda kowane kududdufi yake a da, da inda gaɓarsa ta tsaya, tambayarsu kuma ba ta cin ko sisi. Gini mai nauyi yana bukatar a huda ƙasa a ɗauko samfur daga zurfi a kai ɗakin gwaji kafin a zana harsashi. Wanda kuma tsaga ta riga ta bayyana a katangarsa, kafin ya kira mai shafe ya toshe ta, ya ɗan liƙa siminti siriri a kanta a wuri biyu ko uku, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya auna faɗinta, ya riƙa komawa duk bayan wata uku har rani da damina su zagayo.